Daga Haramata zuwa Sararin Zamfara: Tarihin Kalmomin Iska da Sama a Harshen Ingilishi

A cikin watan Maris na 1853, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya baro Katsina ya nufi Sakkwato. Hanyarsa ta bi ta Zurmi, ta ratsa Badarawa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi, sannan ta faɗa dajin Gundumi. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, kuma cikin kayansa akwai ma'aunin zafi da littafin da yake rubuta halin da gari ya wayi a ciki. Shekara 29 kafin nan, a 1824, Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Duka biyun sun wallafa labarin tafiyarsu da Ingilishi, don masu karatun da ba su taɓa jin hucin bazarar Zamfara a jikinsu ba.

Ingilishin da suka yi rubutu da shi ya riga ya tanadi kalmomi biyu don manyan iskokin wannan ƙasa. Busasshiyar iskar hunturu ita ce "harmattan", hadarin farkon damina kuwa "tornado". Babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa a Ingila, babu kuma wadda aka ɗauka daga bakin Bahaushe. A yau ɗalibin firamare a Banga yana haddace ta farkon a matsayin sunan yanayin da kakanninsa suka daɗe suna kira hunturu. Yadda hakan ta faru tarihi ne mai tsawo, kuma yana da amfani ga duk wanda aikinsa ya ƙunshi ɗaukar magana daga wannan harshe zuwa wancan: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, malamin gona, ɗan jarida da mai fassarar sanarwar gwamnati.

Harshen da ya aro samansa

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, kalmomin da Ingilishi yake kiran sama da iska da su a yau yawancinsu baƙi ne, ko kuma sun sauka daga ma'anarsu ta asali. A tsohon Ingilishi, wanda ake magana da shi shekara dubu da suka wuce, sunan rufin nan da ke bisa kan mutane shi ne "heofon", kakan "heaven" ta yau. Kalmar "sky" ta zo ne tare da mayaƙa da manoman arewacin Turai, waɗanda suka zauna a gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9, kuma a harshensu ma'anarta girgije. Ita kuwa "cloud", wadda a yau take nufin girgije, asalinta tulin dutse ko tudu take nufi. Wajen shekarar 1300 sai mutane suka riƙa kiran giragizai da sunan duwatsun da suka yi kama da su. Da dutse ya zama girgije, sai girgije ya matsa ya zama sama, ita kuma "heaven" ta tattara ta koma fagen addini, inda take nufin makomar salihai.

Haka ma iskar da ake shaƙa. Tsohon sunanta "lyft" ne, ɗan'uwan kalmar Jamusanci ta yau. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, kuma ta wannan ƙofa "air" ta shigo, da tushenta na Latin da Girkanci. Tsohuwar kalmar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Danginta suna nan a "loft", wato ɗakin saman gida, da "lift", wato ɗaga abu. Har kalmar taga ma, "window", haɗin kalmomi biyu ne na waɗancan mutanen arewa, ma'anarsu idon iska. Bahaushen da ya ce a buɗe masa wundo yana furta wannan tsohon kwatance ba tare da ya sani ba.

Hausa ma ta yi irin wannan tafiya. Masana harshe suna danganta "sama" da kalmar Larabci mai wannan sauti da ma'ana, alhali "bisa" tana nan gefenta tana aikin nuna abin da ke kan wani. Da yake Musulunci ya kawo "Aljanna" da sunanta daban, Hausa ba ta buƙaci ta raba kalma ɗaya gida biyu kamar yadda Ingilishi ya yi ba. Ruwan sama, sammai bakwai da sararin samaniya duk suka zauna a inuwa ɗaya. Wurin da harsunan biyu suka fi bambanta shi ne iska. Ingilishi yana da kalma ɗaya don wadda ake shaƙa, wata don mai kaɗawa, wata don sassanya, wata don mai ƙarfi. Hausa ta riƙe "iska" don dukkansu, sai ta kai ga jujjuyawa ta zama guguwa, ko ta haɗo gari ta zama hadari.

Iskar da ta samo suna a gaɓar teku

Turawa sun fara sanin Afirka ta Yamma daga cikin jirgin ruwa, saboda haka sunayen da suka ba iskokinta sunayen matuƙan jirgi ne. "Harmattan" ta shiga rubutun Ingilishi a 1671, kuma an samo ta daga "haramata" ta harsunan Akan na gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau, inda Turawa suke da sansanonin cinikin zinariya da bayi. William Dampier ya yi bayaninta a rubutunsa kan iskokin teku na 1699. A 1781 ƙungiyar masana ta Landan ta buga takardar da wani likita na Liverpool, Matthew Dobson, ya rubuta a kanta, bisa bayanin da ya samu daga Robert Norris, wanda fataken bayi ne. Takardar ta yaba wa iskar da cewa tana tsayar da zazzaɓi, tana warkar da gyambo. Daga irin wannan fahimta ne Turawan gaɓa suka yi mata laƙabi da "likita", domin tana kawo musu sauƙi daga gumin bakin teku.

Wannan suna ya dace da wanda yake zaune a ƙarshen tafiyar iskar, inda take isa a gajiye ta yi 'yan kwanaki. A ƙasar Hausa kuwa hunturu watanni ne. A watan Disamba na 1823, a kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano, Clapperton ya rubuta cewa sanyin asuba ya kai har ruwan da ke cikin ƙorai ya yi ɓawon ƙanƙara. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Iskar da aka kira likita a gaɓa ba ta yi masa magani ba.

Sai daga baya aka gane inda ƙurar take tasowa. Charles Darwin ya tattara wadda ta faɗo a jirginsu kusa da tsibiran Kap Bardi a 1832, yana mamakin nisan da ta yi daga ƙasa. A yau an san cewa babban tushen hazon da ke rufe arewacin Nijeriya shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, kusa da Faya-Largeau, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen ƙasan tsohon babban tafkin Cadi. Farin bujin da ke kwantawa a kan rumbunan Banga da rumfunan kasuwar Shinkafi ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma wani ɓangarensa yakan tsallake Tekun Atlantika har ya kai dazuzzukan Amazon.

Labarin "tornado" ya fi wannan karkacewa. Matuƙan Ingila na ƙarni na 16 sun ɗauko ta daga kalmar Sifaniyanci mai nufin ruwa da tsawa, suka riƙa kiran hadarin gaɓar Gini da ita. Ma'aikatan mulkin mallaka sun ci gaba da amfani da ita a Nijeriya ta Arewa, suna nufin hadarin nan da ke tasowa daga gabas a watan Mayu da Yuni, ya yaye jinka, ya kayar da darni, sannan ruwa ya biyo baya. Amma a Amurka kalmar ta koma sunan guguwa mai jujjuyawa wadda take saukowa daga girgije kamar hauren giwa, kuma wannan ma'ana ce ta rinjaya a duniya. Ɗalibin tarihi da ya karanta rahoton wani razdan na Sakkwato ya ga kalmar, ya zaci guguwar Amurka ce ta faɗa wa lardin, ya yi kuskure. Hadarin farkon damina kawai ake nufi.

Ita kuwa iskar damina, mai tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin teku, littattafan makaranta suna kiranta "monsoon". Wannan kalmar Larabci ce, mausim, wato lokaci ko kaka, wadda 'yan Fotugal suka koya daga matuƙan Tekun Indiya. Haka "haboob" da "simoom" da "khamsin" duk daga Larabci suke. Ingilishi ya tara sunayen iskoki kamar yadda ya tara kayan fatauci, daga kowace tashar da jiragensa suka tsaya.

Iska mai cuta

Tsawon ƙarnoni likitocin Turai sun yi imani cewa cututtuka suna fitowa daga ruɓaɓɓiyar iskar fadamu da juji. Wannan imani yana nan daskare a cikin kalmar "malaria", haɗin kalmomin Italiyanci biyu masu nufin muguwar iska, wadda Horace Walpole ya ambata a wata wasiƙa daga Italiya a 1740. "Influenza" ma daga can take, ta shiga Ingilishi a 1743, kuma asalinta tasirin taurari a kan jikin mutum ake nufi. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin jini, a 1897 kuma Ronald Ross ya nuna cewa sauro ne ke ɗauke da ita. An gyara ilimin, amma sunan ya tsaya yadda yake. A nan fassarar Hausa ta fi asalin daidai, domin "zazzaɓin cizon sauro" ta faɗi mai laifin da sunansa.

Tsoron iskar talakawa da tsoron sauro sun haɗu sun bar tabo a kan garuruwa. Dokar birane ta 1917, a zamanin Lugard, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Unguwannin da ake kira Nasarawa ko GRA a Kano, Zariya, Sakkwato da sauran manyan garuruwa sun samo tsarinsu daga irin wannan tunani.

Hausa ma ta ɗora wa iska nauyin abin da ido ba ya gani. Iskoki su ne mutanen ɓoye, bugun iska ciwo ne, wanda kuma ya saki tarbiyya ya bi duk inda ta kaɗa shi ɗan iska ne. Da Turawa suka zo rubuta ƙamus, kamar na G. P. Bargery na 1934, ko nazarin Joseph Greenberg kan Maguzawan Kano wanda ya fito a 1946, sai suka fassara wannan iska da "spirit". Ba su yi nisa da gida ba, domin tushen kalmar a Latin numfashi ne da hurawar iska. A Larabci ma ruhi da iska 'yan tushe ɗaya ne, kuma kalmar Girkanci mai alaƙa da sunan cutar namoniya tana ɗauke da ma'anonin biyu. Bambancin shi ne Ingilishi ya raba ma'anonin ya ba kowace kalmarta, Hausa ta bar su a baki ɗaya.

Wannan yana da sakamako a asibiti. Sanƙarau yakan ɓarke a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, wanda likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zayyana a 1963, kuma yakan zo ne daga tsakiyar hunturu zuwa ƙarshen bazara, lokacin da bushewa da ƙura suke raunana makogwaro. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Annobar da ta fara a ƙarshen 2016, wadda Zurmi na cikin wuraren da aka fara ganinta, ta kashe fiye da mutum 1,100. Takardun lafiya na Ingilishi suna cewa cutar tana yaɗuwa ta ɗigon yawu da numfashi tsakanin masu zama a matse. Idan mai wa'azin lafiya ya taƙaita wannan da cewa "iska ce ke kawo ta", uwar da ɗanta yake sanƙarewa yana fizge-fizge tana iya jin wata magana daban, ta nufi gidan mai ruƙiyya ko boka, alhali wannan cuta ce da jinkirin kwana ɗaya yake iya kashewa. Wanda ya san harsunan biyu shi ne zai ƙara kalmar da ta raba gardama: numfashi, tari, cunkoso a ɗaki.

Lokacin da aka sa wa sama ma'auni

A ƙarni na 17 da na 18 masana a Turai suka gano cewa iskar da ake shaƙa gauraye ce. Jan Baptist van Helmont ya ƙirƙiro kalmar "gas" daga kalmar Girkanci mai nufin hargitsi, "atmosphere" kuma ta bayyana a Ingilishi a 1638. Duk da haka masanan Ingila sun daɗe suna kiran kowane nau'i da sunan iska tare da siffa: Joseph Black yana da kafaffiyar iska, Henry Cavendish yana da iska mai kamawa da wuta, Joseph Priestley ma da iska ya kira abin da ya ware a 1774, kafin Antoine Lavoisier ya raɗa masa sunan da ya zama oksijin. Ke nan Bahaushen da yake cewa iskar gas, iskar oksijin, gurɓatacciyar iska, yana bin hanyar da masu binciken farko suka bi.

Daga nan aka shiga jera abubuwan sama aji-aji. A watan Disamba na 1802 Luke Howard ya gabatar da sunayen Latin na giragizai waɗanda ake amfani da su har yau. A 1805 Francis Beaufort ya tsara ma'aunin ƙarfin iska, wanda ya mayar da kalmomin matuƙa lambobi. A 1861 Robert FitzRoy, shugaban ofishin yanayi na Ingila, ya fara buga abin da ya kira "forecast" a jarida. Ya zaɓi kalmar da gangan don ya nisanta aikinsa daga duba da annabci. Abin da yake nufi shi ne ra'ayin da aka gina a kan awo, wanda yana iya kuskure.

Wannan sabon harshe ya shigo ƙasar Hausa tare da mulkin mallaka, da ma'aunin ruwan sama a harabar ofisoshin lardi da gonakin gwaji. Dalilinsa kasuwanci ne. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, garin da ya ɗauki sunan Muhammadu Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi. Gyaɗa da auduga da fatun da ake lodi a wannan tasha sun dogara ga damina, saboda haka gwamnati ta bukaci sanin inci nawa aka samu, kuma yaushe. Masana yanayi suka zana layin da iskar teku take karo da iskar hamada, wanda yakan haura arewa har wajen digiri 20 a watan Agusta, ya koma kusa da gaɓa a Janairu. Ƙaura Namoda, Zurmi da Shinkafi suna wajen digiri 12 zuwa 13, don haka layin yakan wuce su sau biyu a shekara, kuma tsakanin wucewar biyu ne duk abincin shekara yake fitowa.

Sai dai manoman ba su kasance ba lissafi kafin wannan ba. Malamai sun daɗe suna bin taurari 28 na lissafin Larabawa, bakwai ga kowane yanayi, kowane yana ɗaukar kwana 13, ɗaya kuma 14, jimla 365. Manomi yakan tambayi malam ko Zira'a ta kama, ko an shiga Nasara ko Jabha, ya haɗa da abin da ya gani na tohon itatuwa, dawowar shamuwa da juyawar iska. Abin sha'awa shi ne Ingilishi ya sha daga wannan rijiya. Tauraron da malami yake kira Dabaran shi ne "Aldebaran" a taswirar Turawa, kuma "zenith", "nadir" da "azimuth" duk Larabci ne da ya ratsa ta fassarar littattafan falaki a Andalus.

A yau hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da taƙaitawa cikin Hausa. Matsalar tana cikin kalmomin da suke da ma'anar fasaha a Ingilishi amma suke da faɗi a Hausa. "Onset" a wurin masana ba ruwan farko ba ne. Ranar da ruwa ya zauna ne har ƙasa ta riƙe danshin da zai rayar da shuka. Idan aka fassara ta da "farkon ruwa" kawai, manomin da ya yi binne ko ya shuka gero a bayan hadarin farko yana iya rasa irinsa. "Dry spell" ɗaukewar ruwa ce ta 'yan kwanaki a tsakiyar damina, wadda ta bambanta da fari. "Fog" tururin ruwa ne da ke hana gani fiye da mita 1,000, "haze" kuma busasshiyar ƙura ce, amma hazo yana ɗaukar duka biyun. Haka nan idan aka ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ce, ana nufin a cikin ranaku goma masu irin wannan hali, wajen shida ake samun ruwa. "Hasashe" kalma ce mai kyau a nan, domin ta bar sanin gaibu ga Mai shi, kamar yadda FitzRoy ya so ya raba aikinsa da duba. Magabata ma sun yi gargaɗi cewa ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Sama ta zama hanya, ta zama fagen iko

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Hausa ba ta ari suna ba. Ta ɗauki jirgi, wanda asalinsa na ruwa ne, ta ce jirgin sama, kamar yadda ta ce jirgin ƙasa. Ingilishi ma haka ya yi, ya kwashi kalmomin teku ya kai su sama: tashar jirgi, matuƙi, ma'aikatan jirgi da hawa jirgi duk sunayensu na Ingilishi daga jirgin ruwa suke. Amma akwai wata sabuwar kalma mai nauyin shari'a, "airspace". Yarjejeniyar Paris ta 1919, da ta Chicago ta 1944 a bayanta, sun tabbatar da cewa kowace ƙasa ce take da iko da sararin da ke bisa kanta. Daga nan sama ta sami iyaka da mai ita, Ingilishi kuma ya zama harshen da matuƙa suke magana da hasumiya a faɗin duniya.

Saƙon da ke tafiya ba waya ma iska aka jingina wa, ko da yake ba ya buƙatarta. Ingilishi ya ce mai magana a rediyo yana "on air", Hausa ta ce wayar iska. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Da wayar hannu ta zo, Ingilishi ya sayar da lokacin magana da sunan "airtime", Bahaushe kuwa ya duba abin da ke hannunsa ya ce kati.

Mutanen arewacin Zamfara sun ɗanɗani ma'anar waɗannan kalmomi a jikinsu. A farkon Maris na 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, gwamnatin tarayya ta ayyana jihar a matsayin "no-fly zone", wato ta haramta shawagin jirage a samanta. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a jihar na tsawon makonni don a yanke wa 'yan bindiga sadarwa, matakin da ya yanke har da na ɗan kasuwa da mai neman labarin danginsa. Sanarwar soja kuma tana zuwa da nata kalmomin, irin su "air interdiction" da "neutralised", waɗanda aka ƙera don su faɗi aiki ba tare da sun nuna fuska ba. A watan Janairu na 2025, wani hari ta sama a Tungar Kara, a yankin da ke tsakanin Zurmi da Maradun, ya faɗa kan 'yan sa-kai da mazauna ƙauye. Gwamnatin jihar ta yi ta'aziyya, rundunar sojan sama kuma ta ce za ta bincika. Mai fassara a irin wannan rana yana da zaɓi. Yana iya cewa "an kawar da" ya bi sanyin asalin, yana kuma iya cewa "an kashe", sannan ya tambaya su wane ne. Iyalan da ke jiran bincike suna da rabo a cikin wannan zaɓi.

Tarihin nan ya nuna cewa kalmomin Ingilishi na iska da sama ba su sauko da tsarki ko daidaito na musamman ba. Girgije ne ya zama sama, dutse ya zama girgije, kuskuren likitoci ya zama sunan cuta, hadarin Gini ya zama guguwar Amurka. Ƙarfinsu ya zo ne daga abin da aka ɗaura musu: ma'auni, doka, jadawali da makami. Hausa tana da hunturu, bazara, damina da kaka, tana da buji, raɓa, yayyafi, marka da mamako, waɗanda suka fi kowace kalmar aro sanin wannan ƙasa. Aikin da ya rage, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983, a gidajen rediyo da ofisoshin gona, shi ne a zauna a ɗaura wa waɗannan kalmomi nasu ma'aunin: milimita nawa ne ruwan shuka, kwana nawa ɗaukewar ruwa za ta yi kafin a kira ta fari, mita nawa ido zai gani kafin a ce hazo ya hana tafiya. Idan aka yi haka, manomin da ya kunna rediyo a Banga a ƙarshen watan Mayu zai san ko ya fito da iri ko ya ƙara haƙuri mako guda.